Yuraniyom: Daga Dutsen Arlit Zuwa Tukunyar Nukiliya

Sunan yuraniyom ya daɗe yana yawo a kunnuwanmu. In ana takun-saƙa tsakanin Iran da Amurka, a kansa ne. In Nijar da Faransa sun sa zare, nan ma shi ne. Amma da za ka tara mutane ka ce su kwatanta maka shi, wani zai ce bam ne, wani ya ce dutse ne mai walƙiya cikin duhu, wani kuma ya rantse maka ya fi zinare tsada. Dukkansu sun kauce hanya. Kuma wannan rashin sani yana da illa, domin duk wanda bai san halin ƙarfen nan ba, ba zai gane abin da ya sa ƙasar da ake haƙo shi take kwana cikin duhu ba, alhali wadda take saye tana sayar wa maƙwabtanta lantarki. Siyasa tana da nata kaso a ciki, ba musu. Sai dai wani babban kaso yana cikin halittar ƙarfen ne ita kanta.

Mu fara daga tushe. Duk abin da ido ke gani, daga ruwa zuwa ƙashi, da ƙwayoyin zarra aka gina shi. Kowace ƙwaya tana da cibiya, cikin cibiyar akwai furoton da niyutiron, sannan ilektiron suna kewaye da ita. Yawan furoton shi ke bambanta sinadari da ɗan'uwansa: baƙin ƙarfe yana da 26, zinare 79, dalma 82. Yuraniyom 92 gare shi. A cikin sinadaran da ake samu da yawa a doron ƙasa, waɗanda ba ɗan Adam ne ya haɗa su a ɗakin bincike ba, babu mai cibiyar da ta kai tasa nauyi.

In aka tace shi tsantsa, ƙarfe ne fari mai kama da azurfa, amma farin ba ya daɗewa, iska na taɓa shi sai ya dushe ya yi baƙi. Abin da zai fara ba mutum mamaki shi ne nauyinsa. Gorar lita ɗaya cike da ruwa kilo 1 ce. In dalma aka zuba mata, kilo 11 da ɗoriya. In yuraniyom ne, kilo 19, dab da zinare ke nan. Yana narkewa a zafin digiri 1,132 a ma'aunin Salshiyas, ana iya buga shi a lanƙwasa, kuma in aka niƙa shi ya zama gari yakan kama wuta da kansa cikin iska. Haske cikin duhu kuwa ba ya yi.

Kuma ba abu ne mai wuyar samu ba. A kowane tan na ƙasa da duwatsu akwai kamar giram 2 zuwa 3 nasa, ya fi azurfa yawa nesa ba kusa ba, balle zinare. Akwai shi a ruwan teku, akwai ɗan burbushinsa a ƙasar gidanka da tawa. Abin da ake nema da fitila shi ne inda ya taru wuri guda har haƙarsa za ta biya kuɗin aiki.

Wani masanin sinadarai Bajamushe, Martin Heinrich Klaproth, shi ya gano shi a 1789 cikin wani baƙin dutse mai nauyi da ake samu a ramukan azurfa, ya raɗa masa sunan duniyar Yuranus da aka hango shekara 8 kafin nan. Daga nan aka yi sama da shekara 100 ba a san masa wani amfani ba illa rina gilashi da tangaran, yana ba su launin ɗorawa ko kore. Sai a 1896, a birnin Faris, Henri Becquerel ya ajiye gishirin yuraniyom a kan farantin ɗaukar hoto da ya naɗe cikin baƙar takarda, ya sa a aljihun tebur saboda hadari ya rufe rana. Da ya wanke farantin sai ya tarar da tabon gishirin a jiki. Babu hasken da ya shiga, ke nan wani abu ne ya fito daga cikin gishirin ya ratsa takarda. Marie Curie da mijinta Pierre suka bi diddigin lamarin, har a 1898 suka zaƙulo wasu sinadarai biyu daga wancan baƙin dutse, foloniyom da radiyom.

To me ke fitowa? Furoton duk caji iri ɗaya gare su, don haka kullum cikin ture juna suke. Akwai wani ƙarfi da ke ɗaure su tare da niyutiron, amma ƙarfin ba ya kai wa nesa. In cibiya ta yi girma irin ta yuraniyom, ɗaurin sai ya yi sako-sako. Can wata rana sai cibiyar ta harbo wani gutsure nata waje, furoton 2 da niyutiron 2 a dunƙule, wanda ake kira alfa. Da ta yi haka ta tashi daga yuraniyom ta koma wani sinadari, toriyom. Shi ma ba shi da kwanciyar hankali, sai ya harbo nasa ya rikiɗe. Haka za a yi ta gangarowa har hawa 14, a bi ta radiyom, a bi ta radon, a bi ta foloniyom, sai an kai ga dalma sannan a tsaya. Waɗannan harbe-harbe su ne radiyeshin. Iri uku ne sanannu: alfa, wanda falle ɗaya na takarda ko fatar jiki ke tare shi, beta, wanda ke buƙatar siririn farantin ƙarfe, da gama, wanda ke ratsa jiki, sai dalma mai kauri ko kankare ke rage masa ƙarfi.

Babu mai iya cewa wace ƙwaya ce za ta fashe gobe. Amma in suna da yawa ana iya sanin tsawon lokacin da rabinsu za su rikiɗe, kuma wannan wa'adi ba ya canjawa, zafi ko sanyi ko matsi ba sa taɓa shi. Na yuraniyom da ya fi yawa shekara biliyan 4.5 ne. Ka ajiye kilo ɗaya, sai bayan wannan tsawon zamani zai koma rabin kilo. Saboda wannan daidaito ne masana suke auna shekarun duwatsu da shi, su duba yawan yuraniyom da yawan dalmar da ya haifa. Da irin wannan awo Clair Patterson ya fitar da shekarun duniya a 1956, biliyan 4.55, kuma har yau lissafin bai yi nisa da nan ba.

A nan akwai abin da mutane da yawa ke juyawa baibai. Suna jin biliyoyin shekaru sai su ɗauka ai shi ne mafi haɗari. Alhali abin da ke rikiɗa a hankali, radiyeshin ɗinsa kaɗan-kaɗan yake fita. Ma'aikata suna riƙe curin yuraniyom da safar hannu kawai. Masu zafin su ne 'ya'yansa da jikokinsa masu gajeren wa'adi: radiyom shekara 1,600, foloniyom kwana 138, radon ƙasa da kwana 4.

Cutar tana zuwa ne in abin ya shiga ciki. Alfa da fata ke tarewa a waje, in ya samu kansa cikin huhu babu abin da ke tsakaninsa da tsoka, sai ya yi ta dukan wuri guda yana lalata ƙwayoyin halitta. Radon kuwa iska ce, ba launi ba wari, tana tsattsafowa daga dutse ta taru a rami ko ɗakin da iska ba ta ratsawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin manyan abubuwan da ke haddasa kansar huhu, daga taba sigari sai ita. Tun ƙarni na 16 masu haƙar azurfa a tsaunukan da ke tsakanin Jamus da ƙasar Cek suke mutuwa da ciwon ƙirji tun suna samari, ba a gane radon ne ba sai bayan ɗaruruwan shekaru. 'Yan ƙabilar Navajo da suka yi wa Amurka haƙar yuraniyom bayan Yaƙin Duniya na Biyu su ma haka ta faru da su, sai a 1990 aka yi dokar biyansu diyya. Shi kansa yuraniyom ɗin, in aka sha shi cikin ruwa, ƙoda yake kamawa, don guba ce irin ta ƙarfe mai nauyi. Shi ya sa ƙa'idar hukumar lafiyar ta ce kada ya wuce maikurogiram 30 a kowace lita ta ruwan sha.

Bakwai cikin dubu

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu bai bayyana abin da ya sa manyan ƙasashe ke rububinsa ba. Sirrin yana cikin wannan: yuraniyom ba iri ɗaya ba ne. Furoton dai 92 ne a kowace ƙwaya, amma niyutiron sun bambanta. Mai niyutiron 146 shi ake kira yuraniyom-238, kuma shi ne sama da kashi 99 cikin 100 na duk abin da ake haƙowa. Mai 143 shi ne yuraniyom-235, kashi 0.7 kacal, wato ƙwaya 7 cikin kowace 1,000. A kan waɗannan bakwai ɗin ake duk wannan kokawa.

A watan Disamban 1938, Otto Hahn da Fritz Strassmann a Balin suka harbi yuraniyom da niyutiron, sai suka tarar da bariyom, sinadarin da nauyinsa bai wuce ɗan sama da rabin na yuraniyom ba. Lise Meitner, wadda ta tsere wa mulkin Hitila zuwa Suwidin, ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch suka warware abin: cibiyar ce ta tsage gida biyu. In niyutiron ya faɗa cikin cibiyar 235 sai ta yi rawa ta rabe, ta saki zafi mai yawa, ta kuma saki sababbin niyutiron 2 ko 3. Kowane ɗaya daga cikinsu yana iya tsaga wata cibiyar, ita ma ta saki nata. In aka auna gutsattsarin za a ga sun gaza nauyin asali da kamar kashi ɗaya cikin dubu. Wannan ɗan nauyi da ya ɓace shi ya koma makamashi, daidai da lissafin Albert Einstein. Kilo ɗaya na 235, in ya tsage duka, yana ba da zafin da ya kai na tan 2,500 zuwa 3,000 na kwal.

Shi kuwa 238, mafi yawan lokaci haɗiye niyutiron yake yi ya yi shiru, daga baya ya rikiɗe ya zama fulutoniyom. Saboda haka a cikin yuraniyom ɗin da aka haƙo, masu haɗiyewa sun yi wa masu tsagewa yawa, wutar ba ta ɗorewa haka kawai. Dutsen da ake haƙowa a Arlit ta Nijar ko niƙaƙƙen garinsa, ko an tara tireloli nawa, ba zai taɓa tashi kamar bam ba. Sai an ƙara yawan 235 a ciki, abin da 'yan jarida ke kira tacewa ko ingantawa.

Nan gizo ke saƙar. Iri biyun nan halinsu ɗaya ne a wurin haɗuwa da sauran sinadarai, babu wani asid ko wuta da zai raba su. Bambancinsu kawai nauyi, shi ma bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Kamar a ba ka buhun gero ne a ce ka tsince ƙwaya bakwai-bakwai daga kowace dubu, launinsu ɗaya girmansu ɗaya, sai dai sun ɗan fi sauran rashin nauyi. Yadda ake yi shi ne a haɗa yuraniyom da fulorin ya zama iska, a zuba cikin wasu dogayen bututai masu juyawa sau dubbai a minti ɗaya. Mai nauyi ya matsa jikin bango, marar nauyi ya fi taruwa tsakiya. Bututu ɗaya ɗan kaɗan yake rabawa, don haka sai a jera ɗaruruwa ko dubbai, wannan ya miƙa wa wancan. Ƙera bututun da zai jure wannan gudu bai tarwatse ba, shi ne ilimin da ƙasashe ke ɓoyewa.

Yawancin tashoshin lantarki suna buƙatar 235 ya kai kashi 3 zuwa 5. Bam kuwa ana kai shi wajen kashi 90. Mutum zai ɗauka tazarar tana da nisa, amma wahalar tana farko ne, lokacin da ake fama da tulin 238. Wanda ya kai kashi 20 ya riga ya yi kusan tara cikin goma na aikin. Da wannan za ka gane rikicin Iran. Yarjejeniyar da ta yi da manyan ƙasashe a 2015 ta taƙaita mata tacewa a kashi 3.67. Amurka ta fice daga yarjejeniyar a 2018, a 2021 kuma Iran ta fara tacewa zuwa kashi 60. Injin da ke haɗa man lantarki shi ne dai wanda ke haɗa kayan bam, lokaci kawai za a ƙara masa.

Enrico Fermi da abokan aikinsa ne suka fara kunna irin wannan wuta suka kuma sarrafa ta, ranar 2 ga Disamban 1942 a Shikago. Ƙasa da shekara uku bayan nan, ranar 6 ga Agustan 1945, aka jefa wa Hiroshima bam mai ɗauke da kilo 64 na tataccen yuraniyom. Abin da ya tsage a ciki bai kai kilo ɗaya ba, amma kafin ƙarshen shekarar mutum kusan 140,000 sun mutu. Babban kaso na dutsen da Amurka ta yi wannan aiki da shi daga Afirka ya fito, daga ramin Shinkolobwe a lardin Katanga na Kwango, lokacin tana hannun Beljiyam. Ba a cika ambaton 'yan Kwangon da suka haƙo shi da hannu ba, kuma ya kamata a riƙa ambatonsu.

A tashar lantarki wutar guda ce, sai dai an sa mata linzami. Ana matse garin yuraniyom ya zama 'yan ƙananan dunƙulaye, a jera su cikin dogayen sandunan ƙarfe, a nutsa cikin tukunya cike da ruwa. Ruwan yana rage wa niyutiron gudu don su fi kama 235, yana kuma kwashe zafi. Akwai wasu sanduna na boron ko kadmiyom masu shanye niyutiron, in an zura su wuta ta lafa, in an zaro ta tashi. Zafin ya dafa ruwa, tururi ya juya injin, lantarki ya fito. Tashoshi irin waɗannan ke ba duniya kusan kashi 9 cikin 100 na lantarkinta ba tare da hayaƙi ba, Faransa kuwa kusan biyu cikin uku na nata. Matsalarsu ita ce tokar. Man da aka gama ƙonawa ya fi sabo haɗari ninkin-ba-ninkin, saboda gutsattsarin da suka rage irin su siziyom-137 suna fitar da gama mai ƙarfi, ga fulutoniyom mai wa'adin shekara 24,000. Irin waɗannan ne suka watsu a haɗarin tashar Chernobyl ta Yukren a 1986 da na tashar Fukushima ta Japan a 2011.

Wani abin al'ajabi, an riga ɗan Adam kunna wannan wuta, kuma a Afirka. A 1972 masu awo a Faransa suka lura cewa yuraniyom ɗin da aka kawo daga Oklo a Gabon 235 ɗinsa ya ɗan gaza yadda aka saba. Bincike ya nuna cewa shekara kusan biliyan 2 da suka wuce, lokacin 235 yana kusan kashi 3 cikin 100 don bai gama raguwa ba, ruwa ya shiga jijiyar dutsen, wuta ta kama da kanta, tana ci tana mutuwa har dubban ɗaruruwan shekaru. Ikon Allah ke nan.

Abin da ke tafiya da abin da ke zama

Yanzu mu dawo Nijar. A 1957 masu binciken ƙasa na Faransa suna neman tagulla a Azelik suka ci karo da yuraniyom. Aka kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya fara fitar da kaya a Arlit a 1971 daga buɗaɗɗun ramuka. Cominak ya biyo baya a 1978 da rami na ƙarƙashin ƙasa a Akouta. Garin Arlit da Akokan saboda wannan aiki aka gina su a tsakiyar hamada. Buzaye masu ƙasar suna nan, ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta zuwa daga Tawa da Maraɗi da Damagaram, har Hausa ta zama harshen kasuwa.

Dutsen wurin ba mai kitse ba ne. A tan ɗaya ana samun kilo 2 zuwa 4 na yuraniyom, alhali akwai ramuka a Kanada da tan ɗaya ke ba da sama da kilo 100. Ana fasa dutsen da nakiya, a niƙa, a jiƙa shi da asid irin na batirin mota, a tsame yuraniyom ɗin a shanya. Abin da ke fitowa gari ne mai ruwan ɗorawa, a ɗura a ganguna a like. Shekara da shekaru gangunan suna bin hanyar Agadas da Tawa a kan tireloli zuwa tashar ruwa ta Kwatano, daga can jirgi ya kai su Faransa, a mayar da garin iska, a tace a masana'antar Tricastin. Yi lissafin da kanka: tan ɗaya na dutse, kilo 3 na yuraniyom, a cikinsa 235 bai wuce giram 22 ba. Kuma giram 22 ɗin ba su da amfani ga yawancin tashoshi sai an kai su wurin mai bututai. A yau kamfanoni ƙalilan ne ke wannan tacewa don kasuwa, na Rasha da na Turai da na Sin. Babu ko ɗaya a Afirka.

Shi ya sa garin ba ya tsadar da ake zato. Farashinsa ya taɓa haura dala 130 a kan kowane fam, wato kusan rabin kilo, a 2007, ya faɗo ƙasa da dala 20 a 2016 bayan haɗarin Fukushima ya kashe kasuwa, ya sake taɓa 100 a farkon 2024. Ko a lokacin tsadarsa kilo ɗaya 'yan ɗaruruwan daloli ne, na zinare kuwa dubun-dubata. Kuma Nijar ba ita ke yanka farashi ba. Kazakistan ce ke fitar da kusan kashi 40 cikin 100 na abin da duniya ke haƙowa, sai Kanada da Namibiya da Ostireliya. Kason Nijar a shekarun baya-bayan nan bai wuce kashi 4 zuwa 5 ba. Faɗuwar farashin nan ce aka kafa hujja da ita aka dakatar da aikin Imouraren, ɗaya daga cikin manyan ma'ajiyar yuraniyom a duniya, bayan an yi bikin buɗe shi a 2009.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ragowar. In an cire kilo 3 daga tan ɗaya, sauran kilo 997 ina suke zuwa? Nan suke zama, niƙaƙƙu, jiƙe da asid. Kuma ka tuna masu zafin su ne 'ya'ya da jikoki. Asid ɗin yuraniyom yake ɗauka, ya bar toriyom da radiyom a cikin dusar. Saboda haka kusan kashi 85 cikin 100 na radiyeshin ɗin da ke cikin dutsen tun asali yana nan a tulin da aka bari. A da yana binne can ƙasa cikin dutse mai tauri, yanzu ya zama gari a fili, radon na fita daga cikinsa, iskar hamada tana kaɗawa. Lokacin da aka rufe Cominak a ƙarshen watan Maris na 2021, an bar tulin da ya kai kusan tan miliyan 20 a kusa da gari. Kamfanin Orano na Faransa, mai gudanar da ramin, ya ce zai lulluɓe shi da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2. Lulluɓewar tana da amfani ƙwarai, tana danne radon da ƙura. Amma toriyom-230 da ke ciki wa'adin rabinsa shekara 75,000 ne, don haka murfin yana buƙatar mai duba shi har bayan an manta sunan kamfanin.

Tun 2003 wata cibiyar awo mai zaman kanta ta Faransa, CRIIRAD, tare da ƙungiyar Aghirin'man ta mutanen Arlit, suke ba da rahoton samun radiyeshin fiye da ƙima a wasu rijiyoyi, da kan wasu tituna da aka yi ciko da dutsen rami, da jikin tsofaffin ƙarafa da ake sayarwa a kasuwa. Greenpeace ma ta yi nata awon a 2009. Kamfanin ya sha cewa yana bin ƙa'idojin duniya. Ƙarafan nan su suka fi tsaya mini a rai. Bututun da ya shekara yana ɗaukar ruwan asid, radiyom ya riga ya manne a cikinsa. Maƙeri ya saye shi da kuɗinsa, ya yanka ya yi ƙofa ko jigon rufin ɗaki, ko mazubin ruwa. Ba wari, ba zafi, ba alama. In ba da na'urar awo ba, ba shi da yadda zai sani. Ruwan da masana'antar ke sha kuma daga ƙarƙashin ƙasa yake, wanda ya taru tun zamanin da Sahara ke samun damina, in ya ƙare ko ya gurɓata babu ruwan saman da zai mayar da shi.

Ga kuma zancen wuta. Da kwal ake samar wa ramukan yuraniyom lantarki, daga tashar Sonichar da ke Anou Araren. Ƙasar kuwa, kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga Najeriya take sayowa, kuma mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a gida. A duk Afirka tashar nukiliya ɗaya ce ke ba da lantarki, Koeberg a Afirka ta Kudu, sai wadda Rasha ke gina wa Masar a El Dabaa. Abin da ke kusa da mu shi ne 'yar ƙaramar tukunyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda Sin ta ƙera aka kunna a 2004. Ƙarfinta wajen kilowat 30 ne, aikinta tantance sinadaran da ke cikin ƙasa da abinci da ma'adinai, da horar da ɗalibai. Da farko da yuraniyom mai kashi 90 take aiki, a 2018 aka musanya shi da mai kashi 13, aka mayar da tsohon ƙasar Sin.

Bayan juyin mulkin Yulin 2023 abubuwa sun sauya da sauri. A Yunin 2024 gwamnatin soja ta ƙwace lasisin Imouraren daga hannun Orano, a Yunin 2025 kuma ta mayar da Somaïr mallakin ƙasa. Ina ganin haƙƙin ƙasa ne ta nemi iko da abin da ke cikin ƙasarta, kuma shekara 50 na cinikin da mai saye ne ke da rinjayen hannun jari a kamfanin mai sayarwa sun isa hujja. Amma sauya mai rami ba ya sauya dutse. Ko wa ya karɓa, Rasha ko Sin ko Turkiyya ko gwamnati da kanta, gari ne dai za a sayar wa mai bututai, kuma kashi 85 ɗin nan a Arlit zai kwana. Yanzu ma nauyin tulin Somaïr ya dawo wuyan ƙasa kai tsaye.

Gina masana'antar tacewa ko tashar nukiliya aiki ne na biliyoyin daloli da shekaru masu yawa. Awo kuwa yana cikin abin da hannu zai kai gare shi yau. Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai tana da cibiyar nazarin radiyeshin, Zariya tana da tukunya da masana. A ba su kuɗi da 'yancin auna rijiyoyin Arlit da Akokan da iskar ɗakunan kwana a kai a kai, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Tamashek, a sa na'ura a kasuwar 'yan ƙarafa, a bi lafiyar huhu da ƙodar tsofaffin ma'aikata har ƙarshen rayuwarsu. Imouraren kuma, duk wanda za a ba, a rubuta cikin yarjejeniyar cewa kuɗin rufe tuli ana ware su ne daga kowace ganga da ta fita, a ajiye a asusun da kamfanin ba zai iya taɓawa ba.